An ba ni ganawa bayan mako uku, jarrabawa kuma saura kwana goma

Ɗalibar Aji Uku:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a wannan zaure ba tare da na tofa albarkacin bakina ba, amma yau matsala ce ta kawo ni. Kusan wata biyu ke nan barci ya ƙaurace mini, har ƙarfe huɗu na asuba idona biyu, idan na buɗe littafi kuma sai in maimaita shafi ɗaya sau biyar ban riƙe komai ba. Makon jiya na daure na cike fom ɗin cibiyar ba da shawara ta jami'armu, washegari aka aiko mini da imel cewa an sanya mini ganawa bayan mako uku, alhali jarrabawa saura kwana goma. Akwai abin da ban faɗa musu ba. Tambaya ta ƙarshe a fom ɗin tana neman sanin ko nakan ji cewa gara a ce na mutu. Na daɗe ina kallonta, yatsana a kan waya, daga ƙarshe na zaɓi "ko kaɗan", kuma ba gaskiya na faɗa ba, tsoro ne ya kama ni kada a kira gidanmu ko a rubuta a takardun karatuna. Shin in haƙura in jira, ko akwai wata hanya?

Mai Ba da Shawara:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da ƙoƙari, domin rubuta wannan magana ba ƙaramin abu ba ne. Kafin mu shiga batun layi, zan tambaye ki kai tsaye kamar yadda zan yi da kina zaune a gabana: a daren nan kina tunanin kashe kanki, kuma kin tsara yadda za ki yi? Idan amsar e ce, ki bar zauren nan, ki tashi wanda ya fi kusa da ke ki gaya masa, ku kira lambar agajin gaggawa ko ku tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a yanzu. Idan a'a ce, ki ba ni amsa mu ci gaba.

Ɗalibar Aji Uku:
A'a, Malama, ban tsara komai ba kuma ba ni da niyya. Tunanin yakan zo ne da tsakar dare ya wuce, amma a makon nan ya fi yawa. Abokiyar ɗakina tana nan tare da ni.

Mai Ba da Shawara:
Na gode da kika amsa a fili. To ga abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba: layin cibiyar ba da shawara ba irin layin da ake bi bisa wanda ya riga zuwa ba ne. Tantancewa ake yi, a gabatar da wanda halinsa ya fi tsanani, kuma abin da mutum ya rubuta shi ne kaɗai ma'aunin da ke hannun mai tantancewar, tunda bai ga fuskarki ba. Yadda kika kwatanta tambayar, fom ɗin ya yi kama da wanda ake kira PHQ-9, wanda aka wallafa a 2001, mai tambayoyi tara game da makonni biyu da suka wuce. Kowace tambaya makinta daga 0 zuwa 3, jimla 27. Ta tara ita ce wadda kika tsaya a kanta, kuma ita ake fara dubawa, domin ko jimlar makin ba ta da yawa, amsar da ta wuce sifili a wannan wuri takan sa a kira ɗalibi da wuri. Da kika zaɓi "ko kaɗan" sai aka ajiye ki cikin waɗanda za su iya jira.

Abin yi shi ne, gobe da safe da zarar sun buɗe, ki buga waya ko ki je da ƙafarki, kada ki tsaya kan imel. Ki ce wa wanda ya amsa: "Na cike fom makon jiya, amma ban faɗi gaskiya a tambaya ta ƙarshe ba. Ina yawan tunanin mutuwa, kuma ina so in ga wani yau." Ba sai kin yi wa mai karɓar baƙi dogon bayani ba, wannan jimlar ta isa. Cibiyoyi da yawa sukan ware wasu sa'o'i a kowace rana ga irin wannan, ba sa nuna su a shafin da ake zaɓar lokaci. Babu wanda zai yi miki faɗa don kin sauya amsa; muna ganin haka kullum, musamman a ƙarshen zangon karatu.

Tsohon Ɗalibi:
Malama, da girmamawa, kin faɗi yadda ya kamata abin ya kasance, ni kuma zan faɗi yadda na same shi. A shekarata ta ƙarshe na jira fiye da wata guda kafin ranata ta zo. Ƙarfe tara na safe aka sanya mini. Na farka, na sa riga, na zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa, ban ankara ba sai na ga sha ɗaya ta wuce, jikina ya ƙi tashi. Bayan kwana biyu saƙo ya zo cewa tunda ban halarta ba kuma ban sanar ba, an cire sunana, in ina so in sake cike fom. Wato wanda ciwonsa shi ne kasa tashi daga gado, shi aka hukunta don bai tashi ba. Ban sake komawa ba. Saboda haka ina jin nauyin a riƙa ɗora wa ɗalibi alhakin koyon kalmomin da zai furta kafin a saurare shi.

Mai Ba da Shawara:
Gaskiyarka, ɗan'uwa, kuma ba zan kare abin da aka yi maka ba. Ɗalibin da bai zo ganawar farko ba kamata ya yi a neme shi, domin rashin zuwan kansa alama ce. Dalilin da ya sa ake kafa irin wannan doka shi ne ganawa takan ɗauki minti 50, idan mutum bai zo ba sa'ar ta tafi a banza alhali wasu suna jira, amma dalili bai mayar da ita adalci ba ga mai ciwon damuwa. Har kafin a gyara, ina gaya wa ɗalibai su rage wa kansu tarkon. Wanda safiya ke yi masa wuya ya faɗa tun farko a ba shi yamma. Wanda ya ga ba zai iya fita ba ya aika saƙo ko da saura minti goma ne, ya roƙi a mayar da ganawar ta waya, domin layi biyu na rubutu sukan hana a cire suna. Rakiya ma tana aiki ƙwarai: aboki ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya taka da kai har bakin ofis, ya zauna a waje. Wanda kuma aka ba shi rana mai nisa ya nemi a sa shi cikin waɗanda za a kira idan wani ya fasa, ya kuma ba da duk lokutan da ba shi da lakca, don wanda ya ce Laraba da azahar kaɗai yake da sarari shi ne zai fi daɗewa.

Tsohon Ɗalibi:
Da an gaya mini batun waya a lokacin, da wataƙila na yi. Amma ina nan kan bakana cewa wannan bayani a imel ɗin farko ya kamata ya kasance, ba a zaure irin wannan ba.

Uwar Ɗalibai Biyu:
Ni maganar da ta tsaya mini a rai ita ce tsoron da yarinyar nan take yi kada a kira gida. 'Yata, Allah ya ba ki lafiya. Amma Malama, ina so ki fahimtar da ni. Mu muka haife su, mu muke ɗaukar nauyin karatunsu, sannan a ce ɗana yana cikin irin wannan hali wata baƙuwa ta sani ni ban sani ba? Idan wani abu ya faru, wa za a kira ya zo ya ɗauka? Ban ga hikimar wannan sirri ba, kuma ina ganin duk ɗalibin da ya ambaci mutuwa a ranar ya kamata a sanar da iyayensa.

Mai Ba da Shawara:
Hajiya, na fahimci zafin da ke cikin maganarki, ni ma uwa ce. Sai dai ki dubi abin da ya faru a nan: tsoron kiran gida shi ne ya sa ta ɓoye, ɓoyewar kuma ta jefa ta ƙarshen layi. Idan doka ta zama duk wanda ya ambaci mutuwa a kira iyayensa, kowa zai zaɓi "ko kaɗan", mu rasa su gaba ɗaya, ke ma ba za ki ji ba. Kuma ba kowane gida ne kamar naki ba. Akwai ɗalibin da gidan ne tushen damuwarsa.

Sirrin ma yana da iyaka, kuma wajibi ne mai ba da shawara ya faɗi iyakar a ganawar farko. Idan ran ɗalibi ko na wani yana cikin haɗari na kusa, ana buɗe magana ga wanda zai iya kare shi, ko ɗalibin bai so ba. A Amurka hukuncin da kotun ƙolin jihar Kalifoniya ta yanke a shari'ar Tarasoff a 1976 shi ne ya shahara wajen kafa cewa kare wanda ake yi wa barazana ya rinjayi sirri, kuma asalin shari'ar daga cibiyar kula da ɗalibai ta jami'a ta taso. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, shi ya sa nake so ɗaliba ta tambaya da bakinta: wa zai ga abin da na faɗa, a wane hali za ku kira wani, kuma za ku gaya mini kafin ku kira? A bisa ƙa'ida bayanan cibiya daban suke da takardun sakamakon karatu, malamin da ke koyar da ita ba ya ganinsu. Tunanin da ke zuwa ya wuce ba tare da shiri ko niyya ba, irin wanda ta kwatanta, galibi tattaunawa da tsarin kariya ake yi a kansa.

Akwai kuma hanyar da take tsakanin matsayinki da nawa. Jami'ar Bristol a Ingila ta fara a 2018 tambayar kowane ɗalibi lokacin rajista ko ya yarda a tuntuɓi wani da shi ya zaɓa idan an damu matuƙa da lafiyarsa, kuma mafi yawansu suka yarda. Ɗalibi ne yake ba da sunan, yana cikin natsuwarsa, kafin wuta ta kama.

Uwar Ɗalibai Biyu:
Wannan na Bristol ya kwanta mini, ko da yake ban daina ganin cewa uwa tana da haƙƙin da takarda ba ta isa ta soke ba. Zan tambayi nawa biyun wa za su rubuta in an ba su irin wannan fom, kuma zan yi ƙoƙarin kada in ji haushi in ba sunana ba ne.

Wakilin Ɗalibai a Ɗakin Kwana:
Tambayata ta ɗan bambanta. Cibiya tana rufewa da yamma, abin kuma da dare yake tashi. Wani ya taɓa zuwa ɗakina wajen ƙarfe biyu, ya sa na yi alkawarin ba zan gaya wa kowa ba kafin ya yi magana, sannan ya faɗi abin da ya tayar mini da hankali. Na rasa yadda zan yi, ina tsoron in yi masa tambaya in zama ni na cusa masa tunanin, ina kuma tsoron cin amana. Alhamdu lillahi yana nan lafiya, amma har yau ban san ko daidai na yi ba da na kira mai kula da ginin.

Likita:
Daidai ka yi, ƙanena. Wannan alkawari ne da ba a cika shi, kuma in an sake neman ka ɗauka, ka ce ba za ka yaɗa ba amma idan ransa na cikin haɗari za ka nemo taimako. Gara ya yi fushi da kai yana raye. Batun tambaya kuwa, an yi bincike a kansa sau da yawa, kuma ba a samu cewa tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa tana cusa masa tunanin ba. Sau da yawa ma sauƙi yake ji da aka samu wanda bai tsorata da kalmar ba. Ka yi tambayar a sarari, ba tare da kewaye-kewaye ba, sannan ka yi shiru ka saurara, ka bar wa'azi da tunatar da shi irin sa'ar da yake da ita.

Idan ya ce yana da shiri, ko ya riga ya sha wani abu ko ya ji wa kansa rauni, ko yana sallama da mutane yana rarraba kayansa, ko maganarsa ta rikice yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, wannan ya wuce jiran safiya. Kada a bar shi shi kaɗai ko na minti biyar ne, a kira wani babba, a tafi asibiti. Wanda ya sha magani fiye da ƙima a kai shi ko da ya ce lafiyarsa ƙalau, domin wasu magungunan ɓarnarsu sai bayan kwana ɗaya ko biyu take bayyana. Sannan a nesanta shi da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi. Mutane sukan raina wannan mataki, suna cewa mai niyya zai nemi wata hanya, amma tsananin halin yakan zo ne ya lafa cikin ɗan lokaci, kuma abin da ke kusa da hannu a wannan lokacin shi ne yake raba rai da mutuwa. Ƙasar Siri Lanka ta haramta magungunan ƙwari mafi haɗari, sai yawan masu kashe kansu ya ragu da fiye da rabi tsakanin 1995 da 2015.

Lambobin waya kuma a neme su tun da rana tsaka, a ajiye a waya, don ƙarfe biyu na dare ba lokacin bincike ba ne. Kowace ƙasa da nata: a Amurka 988 ce tun Yulin 2022, a Birtaniya da Ayalan ƙungiyar Samaritans tana amsa 116 123 dare da rana, a ƙasashen Tarayyar Turai lambar gaggawa 112 ce. Ka haɗa da lambar asibitin jami'a da ta jami'an tsaron harabar, ka liƙa su a allon sanarwa na gininku. Wannan ba ƙaramin lamari ba ne a tsakanin tsararku: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 720,000 ne ke kashe kansu a kowace shekara, kuma shi ne na uku cikin abubuwan da suka fi kashe masu shekara 15 zuwa 29.

Ga ɗalibar da ta buɗe zancen, ki ga likita ma ban da mai ba da shawara. Ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna iya kawo gajiya da rashin barci da faɗuwar gaba, gwajin jini kuma yana fayyace su. Idan an rubuta miki maganin ciwon damuwa, ki sani yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa sosai, kuma a makonnin farko ana sa ido musamman a kan waɗanda ba su kai shekara 25 ba, saboda wasu tunanin yakan ƙaru musu kafin ya ragu. In kin ga haka ki koma a ranar, kada ki daina shan magani da kanki.

Malamin Lissafi:
Ni ɓangaren jarrabawa zan taɓa, tunda shi na sani. Yawancin jami'o'i suna da hanyar neman ɗage jarrabawa ko ƙarin lokacin miƙa aiki saboda rashin lafiya, kuma lafiyar ƙwaƙwalwa tana ciki. Abin da ke karya ɗalibai shi ne sai sakamako ya fito sun faɗi, sannan su zo da bayani, a lokacin kuwa hannun malami a ɗaure yake. Ki nemi takardar shaida daga cibiyar ko likita, ki kai ofishin sashenku kafin ranar jarrabawa. Ba ma buƙatar sanin abin da ke damunki. Layi uku da ke cewa kina ƙarƙashin kulawa kuma halin ya shafi karatunki sun wadatar. Na ga ɗalibai masu kaifin basira sun zauna sa'a uku a gaban takarda ba su rubuta komai ba sai lambarsu, don kunyar neman wannan takarda.

Ɗalibar Aji Uku:
Na dawo da labari. Na kasa buga wayar, sai abokiyar ɗakina ta raka ni da safe, na rubuta jimlar da Malama ta ba ni a takarda na miƙa wa matar da ke teburin karɓar baƙi, domin na san bakina ba zai iya furta ta ba. Ta karanta, ba ta ɗaga murya ba, ta ce in zauna. Ƙarfe biyu na rana aka gan ni. Na yi tambayoyin nan uku na sirri, aka amsa mini, kuma ba a kira kowa ba. Mun rubuta wani abu da mai ba da shawarar da ta gan ni ta kira tsarin kariya, yana cikin wayata yanzu: alamomin da nake gani kafin tunanin ya zo, abin da zan yi ni kaɗai in ya zo, wuraren da zan je in zauna cikin mutane, sannan sunayen waɗanda zan kira. Na sa sunan ƙanwar mahaifiyata, kuma da yamma ni da kaina na kira ta. An ce ganawa shida ake bai wa kowane ɗalibi, abin da ya ɗan tsorata ni. Idan sun ƙare ban warke ba fa?

Mai Ba da Shawara:
Madalla, ƙanwata, ki gaishe mini da abokiyar ɗakinki. Wannan tsarin da kuka rubuta na masana ilimin halayyar ɗan Adam Barbara Stanley da Gregory Brown ne, matakai shida ne, na ƙarshensu shi ne kawar da abubuwan cutarwa daga ɗaki, don haka ki tabbata kun yi shi ke da abokiyar ɗakinki a daren nan. Game da ganawa shida, ki yi wannan tambayar a zama na biyu, kada ki bari sai na shida: idan ina buƙatar ƙari, ina za ku tura ni, kuma yaushe za a fara rubuta takardar turawar? Wurin da za a tura ki shi ma yana da nasa layin, gara a sa sunanki tun yanzu. Kafin kowane zama ki rubuta abu biyu ko uku da suka fi damunki a makon, saboda minti 50 ba su da yawa kuma mutum yakan ajiye babbar magana sai an tashi. Idan bayan zama biyu ko uku kin ga jininku bai haɗu da wadda aka ba ki ba, kina da damar neman a sauya miki.

Malamin Lissafi:
Takardar shaidar fa, kin karɓa?

Ɗalibar Aji Uku:
Sun ce in dawo gobe da ƙarfe goma in karɓa, Malam. Daga can zan wuce ofishin sashe, sannan asibiti don gwajin jinin da Dakta ya ambata.